Jar Lamba a Ƙofar Firij

Akwai wata safiyar Talata a tsakiyar damina da har yau ta ƙi barina. Tun da kun matsa sai na gaya muku dalilin da ya sa nake hana ku manna wa firij ɗin allura duk wani abu da kuka ƙera da hannunku, to ku gyara zama. Na ji wasunku suna cewa tsufa ne ya sa nake ƙin sabon abu. Ba tsufa ba ne. Ni ma na yi zamanina na ƙere-ƙere, kuma wallahi na fi ku rawar kai.

Ni mutumin Ringim ne. Da aka ƙirƙiro jihar nan aka ce kowa ya koma gida, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka sauke a Dutse, lokacin da ofis guda yake ɗaukar sashe uku. Na kama ɗaki biyu a Limawa na ajiye iyalina. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne bayan wasu shekaru, ana cikin mulkin soja, wayar hannu ba ta zo ba. Ina mataki na bakwai a lokacin, ni ne mai gyaran na'urori a babban sito na allurar rigakafi. Firij, janareta, da duk wani abu mai waya a jikinsa, nawa ne.

Ga wanda bai san aikin ba, allurar rigakafi ba a ajiye ta yadda aka ga dama. Yawancinta sai dai ta zauna tsakanin digiri biyu zuwa takwas. Kowane firij yana da ma'aunin sanyi na gwamnati a cikinsa, wani ɗan tsinken gilashi mai jan ruwa. Safe da yamma mai kula da sito zai buɗe ya karanta, ya rubuta lambar a takardar da ke manne a ƙofa. Ni kuma in duba takardar in sa hannu a ƙasa, shaidar cewa firij lafiyarsa lau. Daga wannan sito ƙananan hukumomi suke zuwa su ɗauki nasu kason a cikin akwatin sanyi.

Kowa a garin nan ya san zafi yana kashe allura. Abin da aka faɗa mana a kwas, muka rubuta a littafi, amma bai zauna mana a kai ba, shi ne wasu alluran ƙanƙara ce ajalinsu. Musamman ta sarƙewar haƙora, wadda ake yi wa mata masu ciki don ta kare jariri. In ta daskare sau ɗaya, shi ke nan, ko ta narke ta koma kamar yadda take a ido, ruwa ne kawai a cikin kwalba. To amma mutumin da ya tashi a Ringim yana shan bazara, ta yaya za ka sa shi ya ji tsoron sanyi? Mu a wajenmu duk yadda firij ya ƙara sanyi, alheri ne ya ƙaru.

Ni kuma ina da wata cuta tun ina makarantar koyon sana'a, wato tara fuskokin lamba. Ina nufin ɗan allon nan da yake nuna lamba a jikin agogon rediyo, ko bidiyo, ko kalkuleta. Na'ura takan mutu amma fuskarta tana nan da rai. Duk lokacin da na shiga Kano sai na bi wajen masu gwangwan na tsinci matattun agogo, in zo gida in zauna da ƙarfen liƙi da dalma in cire fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanin madara guda uku na cika da su. Na ƙera agogon bango na kai masallacin unguwarmu, na ƙera mitar auna batir na ba wani mai cajin batir. Uwargidana takan ce da a ce ana tuya da lamba, da gidanmu ya fi kowane gida ƙoshi. A ofis kuwa tuni aka sa mini suna Injiniya, rabi yabo rabi ba'a.

Mai kula da sitonmu wani dattijo ne, Baba Sule, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, bai taɓa makara ba, amma idonsa ya yi rauni. Kullum sai ya buɗe firij ya cusa kansa ciki, ya daɗe yana ƙanƙance ido yana neman inda jan ruwan ya tsaya, sanyi kuma yana ta fita. Tausayinsa ya kama ni, kuma in faɗi gaskiya, na ga wurin da zan nuna gwaninta.

Sai na ɗauko fuskar wani agogon rediyo mai manyan jajayen lambobi, na haɗa ta da 'yar baƙar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu da yawa da masu gyaran rediyo ke kira aisi. Na haɗa musu ɗan bakin ƙarfe mai jin sanyi na zura shi cikin firij ta siririyar waya, fuskar kuma na ɗaure ta a waje a jikin ƙofa. Ba sai an buɗe ba, daga bakin ƙofar sito ma kana hangen lambar.

Ga inda na yi kuskuren, kuma ina so ku ji shi da kyau, domin ba mantuwa ba ce. A cikin ƙafafun aisin akwai guda ɗaya da aikinta shi ne kunna alamar ɗebewa, 'yar sandar nan da ake sawa a gaban lamba in sanyi ya yi ƙasa da sifili. Fuskar agogo kuwa ba ta da gurbin wannan alama, tun da babu agogon da yake nuna ƙarfe uku ƙasa da sifili. Na ga ƙafar da idona. Na riƙe ta da filaya na yi ɗan tunani, sannan na ce a raina, “A Dutse? Wa zai ga ƙasa da sifili a Dutse?” Na lanƙwashe ta na bar ta haka. Na gwada abina a ruwan ƙanƙara ya nuna sifili, na gwada a ruwan ɗumi ya hau daidai. Na ce aiki ya yi.

Shugaban sashenmu, Alhaji Mansur, da ya gani sai ya tafa hannu. Duk baƙon da ya zo sai ya kawo shi sito ya ce, “Ku ga aikin yaranmu.” Kaina ya ƙara girma. Ba a yi wata biyu ba, tsinken gwamnati ya koma cikin aljihun tebur. Ba wanda ya ba da umarnin a cire shi, kuma ba wanda ya ce a mayar.

Aka yi wata biyar haka lafiya. Abin da ya rufa mini asiri shi ne rashin wuta, domin firij bai taɓa samun wutar da za ta ishe shi ya wuce gona da iri ba. Tun cikin bazara Baba Sule ya murɗa maɓallin sanyi ya yi sama, kuma ba a mayar ba. Sai damina ta sauka, gari ya yi sanyi, kuma a wani mako aka yi abin da ba a saba ba: aka kawo wuta ranar Juma'a, ba a ɗauke ba har Talata. Mutanen gari suna ta murna.

Ranar Talatar ina shiga ofis da misalin ƙarfe takwas, ko jaka ban ajiye ba, Baba Sule ya tare ni.

“Injiniya, zo ka duba firij ɗin nan, yana neman ya tona mana asiri. Ɗumi yake yi.”

Na ce, “Ɗumi kuma, Baba, da wannan wutar?”

Ya ce, “Ga takarda. Juma'a da yamma biyu na rubuta. Jiya da safe na tarar da uku. Da rana ya koma huɗu, sai na ƙara murɗa masa sanyi. Da yamma biyar, na murɗe shi har ƙarshe. Yanzu duba ka gani.”

Jar lambar tana nuna bakwai. Na kasa kunne, injin yana ta aiki ba ya hutawa. Na buɗe ƙofa, wani sanyi ya bugi fuskata wanda ban taɓa jin irinsa a firij ɗin ba. A can ƙasa bayan kwalaye hannuna ya taɓa wata gora. Zoɓon Baba Sule ne, wanda doka ta hana a sa a firij ɗin allura, amma duk mun sani muna kau da kai. Na ɗaga gorar, ta yi tauri kamar dutse.

Na jawo aljihun tebur da ƙarfi na lalubo tsinken gwamnati na sa a ciki na rufe. Mintunan da na tsaya jira, ƙafar nan da na lanƙwashe ita kaɗai nake gani. Da na buɗe, jan ruwan ya sauka can ƙasa da sifili, ya tsaya a kan bakwai.

Kun gane abin da ya faru? A ƙarshen mako, lokacin da ba kowa a sito, sanyi ya ratsa sifili ya wuce ƙasa. Daga nan duk ƙarin sanyi sai lambar ta hau, Baba Sule ya zaci ɗumi ne ya ƙara sanyi, lambar ta ƙara hawa. Dattijon yana bin abin da na ƙera masa da gaskiya, ni kuwa na ba shi abin da ba ya iya faɗin gaskiya.

Na ce, “Baba, wa ya ɗauki allura daga jiya zuwa yau?”

Ya duba littafi. “Miga kaɗai. Malama Hajara ta zo jiya bayan azahar ta ɗauki ta mata masu ciki. Yau za ta shiga ruga.”

Malama Hajara jami'ar lafiya ce a Miga, 'yar gidan makiyaya ce da ta yi karatu. Duk sashen ya san labarin rugar nan, domin ta yi watanni tana kai da komowa wajen Arɗonsu kafin ya yarda a taɓa matansu da allura. Yau ce ranar farko.

Da Baba Sule ya fahimci maganar sai ya zauna a kan benci ya riƙe kai. Can ya tashi ya tura ƙofar sito ya rage murya.

“Ɗana, ka saurare ni. Ka mayar da maɓallin nan, mu bar ƙofar firij a buɗe. Kafin azahar komai ya narke, kwalba ta koma kwalba. Dubi takardar nan, biyu, uku, huɗu, biyar, bakwai. Akwai lambar da ta fita daga ƙa'ida? Allurar nan ba ta kisa. Ba wanda zai sani har abada. Ni saura mini wata huɗu, kai kuma kana da ƙananan yara.”

Ina so in ce muku na daka masa tsawa. Ban yi ba. Na murɗa maɓallin na mayar, na wangale ƙofar firij da hannuna, na zauna kusa da shi a kan benci. Ina tunanin kwamitin bincike, ina tunanin yadda za a ce wani ɗan mataki na bakwai ya lalata allurar ƙananan hukumomi da tarkacen gwangwan. Ina tunanin in koma Ringim da iyali ba aiki. Muka zuba wa jar lambar ido tana sauka, bakwai, shida, biyar, kamar wanda ake yi wa albishir.

Minti arba'in muka yi a haka. Na san adadinsu domin agogon da ke bangon siton ni na ƙera shi.

Da lambar ta iso sifili, Baba Sule ya miƙo mini biro ya ce in sa hannu a takardar mako. Na karɓa, na rubuta kwanan wata. Sai kawai na tuna wani jariri na maƙwabcinmu a Ringim ina yaro. Kwana biyar da haihuwa ya daina kama nono, jikinsa ya sandare, bakinsa ya ƙi buɗuwa. An riga an sayi ragon suna. Na tuna ragon yana ɗaure a ƙofar gida ranar da aka fita da yaron a tabarma. Wannan cutar ce allurar take karewa. Na ajiye biron na ce, “Baba, ka yafe mini, ba zan iya ba.” Ya juya mini baya.

Ƙa'ida ita ce ba a fita da babur ɗin ofis sai da izinin shugaban sashe. Na shiga wajen Alhaji Mansur na faɗa masa komai a tsaye. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Wa ya ba ka izinin cire ma'aunin gwamnati?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ka gani, har ka yaba.”

Ya ce, “Na yaba. Na rubuta? Nuna mini inda na sa hannu.”

Babu inda zan nuna. Ya tura mini takarda ya ce in rubuta abin da na faɗa in sa hannu. Na rubuta layi huɗu a tsaye. Ya karanta, ya jefo mini makulli ya ce, “Maza ka tafi. In ka dawo ma yi magana.” Ban riƙe shi da komai ba, domin bai ɓata mini ko minti biyar ba.

Na bi ta Kiyawa na wuce Jahun, ban san yadda na yi tafiyar ba. Bayan Jahun ruwa ya kwanta a hanya wuri biyu, na sauka na tura babur, taɓo har gwiwa. Duk tafiyar addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa ruwan safe ya hana matan fitowa, ko Arɗo ya sake shawara. Ku ji fa, ma'aikacin lafiya yana roƙon Allah Ya sa a ƙi allura.

A asibitin Miga aka ce Malama ta fita tun da safe. Wani dattijo mai faci ya kwatanta mini hanyar rugar. Rana ta kusa tsaka na hango su a ƙarƙashin wata tsamiya: tebur ɗan ƙarami, akwatin sanyi, mata a jere a kan tabarma, maza kuma can gefe sun jingina da sandunansu. Malama Hajara tana riƙe da sirinji, wata mata ta riga ta miƙo dantse.

Tun kafin in kashe babur na ɗaga murya, “Malama, dakata! Don Allah dakata!”

Ta zo ta same ni gefe, ranta a ɓace. “Injiniya, lafiya za ka zo kana ihu a gaban mutanen da na sha wuya kafin su zauna?”

Na gaya mata. Ta dube ni ta ce, “Mata tara na yi wa.”

Ba ta yarda da bakina kawai ba, kuma ta yi daidai. Akwai gwajin da ake yi, gwajin girgizawa. A cikin akwatinta akwai ragowar kwalba ɗaya ta watan jiya, wadda ta zauna a firij ɗinta na kananzir ba ta taɓa daskarewa ba. Ta haɗa ta da ɗaya daga cikin namu a hannu guda ta girgiza su sosai, ta jera su a kan murfin akwati inda haske yake bugun su. Lafiyayyar allura takan daɗe a gauraye kamar tsinkakken nono. Wadda ta daskare kuwa ba ta jimawa. Muka durƙusa mu biyu muna kallo, ina ta fatan ko Allah Ya sa ɗaukar da ta yi jiya ta riga ƙanƙarar. Ba a jima ba tamu ta fara rabuwa, fari ya kwanta a ƙasa kamar gasara, ruwa garau a sama. Ta watan jiya kuwa tana nan yadda take.

Malama Hajara ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Ta ce, “Wata bakwai ina zuwa rugar nan. Na rantse musu maganin nan mai kyau ne. Ba ni zan gaya wa Arɗo ba. Kai za ka gaya masa.”

Arɗo dattijo ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buzu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Baffa, maganin da aka kawo yau ya lalace, kuma a hannuna ya lalace, ba a hannun Malama ba. Sanyi ne ya yi masa yawa.”

Ya ce, “Sanyi? Mu dai, masu yi wa shanu allura ce mana suke yi rana ce take kashe magani.”

Na ce, “Wannan har da sanyi, Baffa.”

Ya sa aka kawo masa kwalaben biyu ya ɗaga su sama ya duba. Ya ce, “Waɗanda aka riga aka yi wa, zai cuce su?”

Malama ta ce ba zai cuce su ba, sai dai wurin yana iya kumbura, amma kuma ba zai kare jariransu ba sai an sake.

Ya juyo gare ni. “Da ka zauna a Dutse ka yi shiru, wa zai sani?”

Na ce, “Ba kowa, Baffa.”

Ya juya kwalbar a hannunsa. Wani daga cikin mazan ya fara faɗa da Fillanci, ban ji abin da yake cewa ba amma na ga sandarsa tana nuna ni. Arɗo ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “An sha yi wa shanunmu allura su mutu. Ban taɓa ganin wanda ya biyo mu cikin taɓo ya ce nasa maganin ne ba shi da kyau ba. Ku kawo mai kyau, za mu zauna.”

Na ɗauka an gama. Malama ta buɗe littafinta ta fara kiran sunan mata taran don ta soke abin da ta rubuta a katinsu. Takwas suka amsa. Ta kira, “Dije,” ba amsa. Ta sake kira.

Wata tsohuwa ta ce ai Dije baƙuwa ce, ba 'yar rugar ba ce. Ambaliya ce ta taso gidansu daga fadama, suka yada zango kwana biyu a nan, yau kuma suke wucewa gaba da shanunsu. Malama ta dafe kai. Ta ce mini wannan Dije ita ce ta fara miƙa hannu da safe, lokacin da sauran suke noƙewa. Tsohon ciki gare ta. An taɓa yi mata allura ta farko a wani gari, har ta zo da katinta a ƙulle a leda. Ita ta yi dariya ta ce wa matan ba zafi, sannan suka matso. Wannan ta yau ita ce ta biyu, don haka Malama ta rubuta mata a kati cewa ta kammala. Bayan an yi mata ma ba ta tafi nan da nan ba, ta zauna tana ƙarfafa wa sauran gwiwa har mijinta ya aiko a kira ta.

Na ce, “Yaushe ta tashi?”

Tsohuwar ta dubi inuwar tsamiya ta nuna da hannu inda take a lokacin. Malama ta ce, “Ba ta fi rabin awa ba.”

Rabin awa. Ni kuwa na zauna a kan benci minti arba'in ina kallon lamba.

Na hau babur na bi burtalin da aka nuna mini, wato hanyar shanu. Ban yi nisa ba ta shiga cikin ruwa ta rabu biyu, sawun shanu ta ko'ina. Na bi ɗaya har babur ya kafe. Na dawo na bi ɗayar da ƙafa har la'asar, ina tambayar duk wanda na gani. Ban same su ba.

Sauran labarin na ofis ne. Aka ba ni takardar tuhuma, aka kafa kwamiti na mutum uku. Aka gwada kwalaben firij ɗin aka zubar da duk waɗanda sanyi ya kashe. Ban ambaci shawarar da Baba Sule ya ba ni ba, amma mintuna arba'in ɗin na faɗe su, na ce ni ne na tsaya shakka. Aka ba shi gargaɗi saboda zoɓo da kuma ajiye ma'auni, ni kuma aka riƙe mini ƙarin girma shekara biyu. Har ya yi ritaya bai sake kirana Injiniya ba. Bayan mako uku muka koma rugar da sabuwar allura, ni na ɗauki akwatin da kaina, kuma matan suka fito. Sau uku ina komawa kasuwar Miga ina tambayar masu tallan nono ko sun san inda gidan su Dije suka nufa. Wannan ta ce arewa, waccan ta ce gabas.

Ban daina tara fuskokin lamba ba, har gobe ina yi, kuma ban hana ku ba. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, duk abin da ka ciro daga jikin wata na'ura yana zuwa da iyakarsa, iyakar aikin da aka yi shi dominsa. Kafin ka ɗora masa amanar mutane, ka nemi abin da ba ya iya nunawa, ka kai shi can da gangan ka ga yadda zai yi. Ni na gwada nawa har bakin sifili na tsaya, domin ban so in ga abin da ke bayansa ba. Na kuma koyi cewa a aikinmu takarda tana iya zama fes alhali kwalba ta mutu, kuma wanda za a cuta ba ya cikin ofis, ba zai taɓa kawo ƙara ba.

Fuskar agogon tana nan a kan teburina a Limawa. Daga baya na miƙe ƙafar nan na liƙa mata ɗan jan ƙwan lantarki guda da zai kama in sanyi ya yi ƙasa da sifili, aikin da bai ɗauke ni minti biyar ba.

Ban san ko Dije ta sauka lafiya ba. Ban san ko an yi suna ba. Abin da na sani shi ne ta tafi da kati a ƙulle a leda mai cewa ta kammala, kuma duk asibitin da ta nuna shi za a ce mata ta koma gida, ba ta buƙatar komai. In Allah Ya raya abin da ta haifa, yau ya girmi wasu daga cikinku. Shi ya sa in kun ga na tsaya a bakin titi ina bin wani saurayi mai kora shanu da kallo, ku ƙyale ni, lissafin shekarunsa nake yi.